Godiya cikin wannan tsadar rayuwa: wadar zuci ce, ko rufe mana baki ake yi?

Malama_Saratu
Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina da tambaya, kuma don Allah kada wani ya ce bangaskiyata ce ta yi sanyi. Amsa nake nema.

Ni malamar firamare ce a wata makarantar kuɗi a nan Kaduna. Albashina yana nan inda yake tun kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023. A lokacin litar fetur ba ta kai naira 200 ba, yau kuwa kowa ya san inda aka kwana. Kuɗin mota kaɗai yana lashe kaso mai tsoka na abin da nake karɓa. Mu malamai muka haɗa kai muka sami mai makarantar a kan ya ɗan duba mu. Dattijo ne a ekklesiyarsu, mutum mai fara'a. Ya saurare mu tsaf, sannan ya buɗe 1 Timoti 6 ya karanta mana cewa ibada tare da wadar zuci riba ce babba, in muna da ci da sutura su ishe mu. Ya yi mana addu'a, muka watse. A zangon nan kuma ya ƙara wa iyaye kuɗin makaranta.

Ran Lahadi fastonmu ya yi wa'azi a kan Filibiyawa 4, yadda Bulus ya koyi zama da ƙoshi da yunwa. Ana tashi aka raba ambulan na godiyar kaka, an rubuta a bayansa mafi ƙarancin abin da mace za ta sa. Na riƙe nawa, raina a jagule.

To ina iyakar wadar zuci? In na ce ana cutata, gunaguni na yi? In kuma aka tambaye ni ya gida na ce "mun gode Allah" alhali zuciyata ba haka take ji ba, ban yi ƙarya ba?

Rifkatu_Zonkwa
Kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi, 'yar'uwa. Na zauna a nan ina jiran masu sani.

Dattijo_Kaltungo
'Yata, sannu da haƙuri. Bari tsoho ya ɗan ce wani abu. Wannan ba shi ne matsi na farko a ƙasar nan ba. Mun ga farin 1973, dabbobi suna faɗuwa a bakin hanya. Mun ga 1984, muna bin layin sabulu da madara da sukari, soja yana tsaye da bulala. Bayan nan SAP, shirin tsuke bakin aljihu na gwamnati, ta zo a 1986 ta cinye albashi. Duk lokacin nan ba mu daina sujada ba, ba mu daina kai damin dawa majami'a da kaka ba. Abin da ya hana zuriyar da ta fito daga Masar shiga Kan'ana ba yunwa ba ce, gunaguni ne da rashin gaskatawa. Karanta Littafin Ƙidaya 11, suna cin manna suna kukan kifi da albasa da tafarnuwar Masar. Wanda ya saba da ƙorafi, ko an ninka masa albashi zai sami wani abin ƙorafin. Ki gode don numfashi, ki gode don kina da aikin ma. Akwai masu digiri da ke yawo da takarda a hannu.

Dan_Tudun_Wada
Baba, da girmamawa, ni ne mai digirin da ke yawo da takarda a hannu, kuma ban ji daɗi a riƙa amfani da ni ana rufe wa Malama baki ba. Sannan Isra'ilawa kowace safiya manna tana sauka a ƙofar tantinsu kyauta. Ita Malama wace manna ce take sauka a Kaduna? Ba albasa take kuka ba, haƙƙin guminta take nema.

Dattijo_Kaltungo
Ɗana, ban ce kada ta nema ba. Na ce ta kula da zuciyarta.

Fasto_Yohanna_Jos
Alheri da salama. Baba Dattijo ya faɗi gaskiya a kan haɗarin gunaguni, amma akwai abin da ya kamata a ƙara.

Littafi Mai Tsarki cike yake da masu kuka waɗanda Allah bai tsawata musu ba. Zabura 13 ta fara da tambayar Allah har yaushe. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu wata juyawa zuwa yabo a ƙarshenta, kuma an bar ta cikin littafin da Isra'ila take rerawa a sujada. Akwai littafi guda sukutum mai suna Makoki. Mutane suna son Habakkuk 3, inda ya ce ko itacen ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya ƙare, zai yi murna da Ubangiji. Suna manta cewa sura ta farko gardama ce yake yi da Allah a kan zalunci da karkatar da shari'a. Sai da ya bi ta can kafin ya iso nan. Bambancin da nake gani shi ne, mai gunaguni yana juya wa Allah baya yana zarginsa a wurin mutane, mai makoki kuwa yana kawo ƙararsa gaban Allah ne kai tsaye, domin har yanzu ya yarda akwai mai ji.

Game da mai makarantarku, Malama: ayar da ya karanta muku, in ya ci gaba kaɗan zai tarar da gargaɗi ga masu son yin arziki, da cewa son kuɗi tushen kowace irin mugunta ne. Ƙarshen surar kuma umarni ne ga masu dukiya su zama masu bayarwa. Wato surar ta fi magana da shi fiye da ku. Yakubu 5:4 ma ya ce haƙƙin ma'aikata da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Wadar zuci abu ne da mutum yake koya wa kansa. Ba a ba mai biyan albashi ita don ya rataya wa ma'aikacinsa ba.

Wani abu kuma, Filibiyawa 4 ɗin nan, Bulus ya rubuta ta ne yana yi wa mutanen Filibi godiyar gudummawar da suka aiko masa a kurkuku ta hannun Abafaroditus. Ya ce ya koyi wadar zuci, nan take kuma ya ce sun kyauta da suka yi tarayya da shi cikin wahalarsa. Ekklesiyar da ta yi wa'azin rabin farko ta bar na biyun ba ta gama karatu ba.

Malama_Saratu
Na gode Baba Fasto. Wannan na Zabura 88 ban taɓa lura da shi ba. Amma maganar "mun gode Allah" ɗin fa? Ita ce ta fi damuna.

Mama_Kwada
'Yata, bari in ba ki nawa, ni ba mai ilimin tauhidi ba ce.

Mu mutanen Michika ne, 'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya. Ran Lahadi 'yan Boko Haram suka shigo mana a watan Satumba 2014. Muka bi duwatsu muka faɗa Mubi. Ba mu gama hutawa ba, ƙarshen Oktoba Mubi ma ta faɗi, har hedkwatar ekklesiyarmu a Kwarhi. Muka sake gudu, muka ratsa ta Kamaru, da ƙyar muka iso Yola. Maigidana ba mu fita tare ba, kuma ba mu sake ganinsa ba. A Yola 'yan Katolika na St. Theresa suka buɗe ƙofa, ba su tambayi kowa ɗarikarsa ba.

Akwai wata tsohuwa da shimfiɗarta take kusa da tawa. Duk asuba sai ta tashi ta ɗaura ɗankwalin Zumuntar Mata, shi kaɗai ta tsira da shi, duk ya koɗe, ta kama waƙar yabo a hankali tana tafa cinyarta. Gaskiya a lokacin haushinta nake ji. Nakan juya mata baya in ja zane in rufe kaina. In an kawo abinci aka ce a yi addu'a, bakina yana motsi amma ba abin da nake faɗa. Ita kuwa ba ta taɓa ce mini "ki gode" ba. Sai dai in ta karɓo kunu ta zuba wa ƙaramin ɗana rabi ta ce ita ba ta jin yunwa.

Da muka koma gida bayan soja sun karɓe garin, majami'armu babu rufi, bango ya yi baƙi. Muka jera duwatsu muka zauna. Kakar farko da muka yi noma, godiyar kaka ta zo, wani ya kawo tiya ɗaya ta gyaɗa, wata ta kawo kabewa, wani kaza guda. Ni na kawo wake a ɗaure cikin leda. Ina ajiyewa sai kuka ya ƙwace mini, kuma ranar ce na fara godiya da gaske tun gudunmu. Ba wanda ya matsa mini, ita ta zo da kanta.

Don haka a ganina ba ƙarya kike yi ba. Wani lokaci baki yakan riga zuciya, zuciyar ta biyo daga baya. Amma wanda zai tilasta miki, ya bari.

Rifkatu_Zonkwa
Wayyo Mama. Ubangiji ya ci gaba da ta'azantar da ke.

BabanJoy
Mama Kwada, sannu. Kin sa na tuna da Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na Michika, wanda 'yan Boko Haram suka kama a farkon Janairun 2020 suka kashe shi cikin watan. Duk wanda ya ga bidiyonsa da suka fitar ya san abin da nake nufi. Yana hannunsu, amma ya ce bai karaya ba domin kowane hali yana hannun Allah, ya kuma ce wa iyalinsa kada su damu, su gode wa Allah. A cikin bidiyon dai ya roƙi shugabannin ekklesiya da gwamnan Adamawa su yi ƙoƙarin ganin an sake shi. Bai ga cewa roƙon ya rushe godiyar ba. To in shi ya haɗa biyun a wannan hali, me zai hana Malama ta gode wa Allah da safe, ta nemi ƙarin albashi da rana?

Dan_Tudun_Wada
Wannan ita ce magana.

Manomin_Citta
Ku mutanen birni albashi ne bai ƙaru ba. Mu a nan wajen Kwoi da Kachia, daminar 2023 ciwo ya faɗa wa citta. Ganye ya yi ɗorawa, in ka tona sai ka tarar ta ruɓe tana wari. Gona bayan gona. Citta ce kuɗin makarantar yara, ita ce kwanon rufi, ita ce sadaki. Wasu bashi suka ci suka sayi iri da taki. A shekarar ne na ga dattijon da ya saba kawo buhuna a godiyar kaka ya zo da kwano ɗaya na masara a ƙarƙashin babbar riga don kunya. Fastonmu ya yi hikima, ya hana kiran suna a shekarar, ya ce kowa ya ajiye nasa a bayan majami'a kafin a fara sujada. Aka tara, aka raba wa gwauraye da waɗanda bashi ya fi kamawa. Ban ce ciwon cittar alheri ne ba, har yau wasu ba su farfaɗo ba, iri ma ya yi tsadar da ba kowa ke iya komawa ba. Amma ban taɓa ganin godiyar kaka mai daɗin wannan ba.

Hannatu_Narayi
Yauwa, an zo wurin. Wannan kiran suna da rubuta adadi a bayan ambulan, daga ina muka samo shi? Iyalin wane dubu kaza, a tafa musu. Iyalin wane kuma a yi shiru. Akwai matan da na sani da suke ƙin zuwa sujada ranar godiya don kada a ga hannunsu. Yesu da kansa gwauruwar nan mai anini biyu ya yaba, ya kuma ce kada hagu ta san abin da dama take yi. In an yanka maka adadi, haraji ne, ba godiya ba.

Ma'aji_LCC
Malama Hannatu, ni ma'aji ne, bari in kāre mu kaɗan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsadar da ta same ku ta sami ekklesiya. Dizal na janareta, kuɗin masu gadi da dole muka ƙara saboda halin tsaro, kason da ake aikawa sama, ga masu bishara a ƙauyuka da wani lokaci sai su yi watanni ba a biya su ba. Kowane mako kuma akwai mai zuwa ofis da takardar asibiti. Daga ina za mu ɗauko? In ba a faɗi adadi ba, wanda yake da hali sosai shi ne zai sa naira 500 ya naɗe. Kiran suna dai ni ma ba na so, na sha faɗa a taron dattawa.

Hannatu_Narayi
To a yanka wa masu halin mana, a bar malamar firamare. Kuma a rage gine-gine. Majami'a tana sa tayil, membobi suna kwana da yunwa.

Ma'aji_LCC
Wannan kuma ki zo taron shekara ki faɗa, zan mara miki baya. Matsalar ku ba kwa zuwa, sai a nan.

Bro_Emma_Abuja
Ni ina ganin duk wannan maganar wadar zuci ita ta bar Kiristan Arewa a baya. An koya mana talauci tawali'u ne. Allahnmu ba matalauci ba ne. Ibrahim mai dukiya ne, Ayuba ma an mayar masa ninki biyu. Maimakon ki zauna kina lissafin abin da babu, ki shuka iri na bangaskiya, ki furta bunƙasa a kan rayuwarki. Bakinki ne ƙofarki.

Fasto_Yohanna_Jos
Ɗan'uwa Emma, a nan kam ba mu tare. Mama Kwada ba rashin furta bunƙasa ne ya kore ta daga Michika ba, cittar Kwoi ma ba rashin shuka iri a bagade ne ya ruɓar da ita ba. Wannan koyarwa ita ce ta abokan Ayuba, cewa duk mai shan wahala akwai abin da ya yi ko ya kasa yi, kuma a ƙarshen littafin Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Na ga matan da suka ba da jarin ƙosansu a matsayin iri, suka koma gida babu jari babu bunƙasa, sannan aka ce musu bangaskiyarsu ce ta gaza. Inda na yarda da kai shi ne wadar zuci ba lalaci ba ce. Bulus ɗin da ya rubuta ta ɗinkin tanti yake yi da hannunsa. Addu'ar Agur a Karin Magana 30 ita ce ma'auni a wurina: kada talauci ya kai shi ga sata, kada dukiya ta kai shi ga mantawa da Allah.

Bro_Emma_Abuja
Baba Fasto, ban ce kowa ya ba da jarinsa ba. Amma ka yarda akwai fastocin da ke wa'azin haƙuri don su kansu ba su da wani buri.

Gambo_Keke
Ni dai tun da fetur ya haura naira 1000 a 2024 na koyi godiya iri-iri. In na sami fasinja huɗu, godiya. In na sami uku, godiya. In mai kaki ya tsayar da ni ya karɓi rabonsa, nan ne nake ɗan jinkirta godiyar sai na wuce kwana.

Rifkatu_Zonkwa
Kai Gambo, Allah ya shirye ka, ka sa ni dariya a cikin kasuwa.

Issoufou_Maradi
Gaisuwa daga Nijar. Ina bin zancenku tun safe. Mu nan Kirista ba mu da yawa, kowa ya san kowa. A Janairun 2015 aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu. Lahadin da ta biyo baya mutane suka taru cikin toka suka yi sujada, shugabanni kuma suka fito suka ce sun gafarta. Wasu matasa ba su ji daɗi ba a lokacin, suna ganin an yi saurin faɗa. Har yanzu in zancen ya tashi ba a rasa gardama. Sannan bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, shinkafa da magani suka hau. Mu mutanen Maradi da kusan komai namu yake bi ta Jibiya da Katsina mun ji a jika. Abin da na lura, a cikin watannin nan ba wa'azi ne ya riƙe mu ba. Matan ekklesiya ne, kowace in za ta ɗora tukunya sai ta ɗebi hannu ɗaya na hatsi ta zuba a wani kwano dabam, ran Lahadi a haɗa. Da shi aka riƙa ciyar da gidajen da suka kasa. Mai karɓa ya gode, mai bayarwa ma ya gode da yana da hannu ɗayan.

Mama_Kwada
Haka muke yi mu ma a Zumunta. Allah ya yi wa matan Maradi albarka.

Talatu_SabonGari
Ni a Kano nake, ina da shago. Maƙwabcina Alhaji ne mai sayar da robobi. Ko ranar da bai yi cinikin sisi ba, ka tambaye shi sai ya ce Alhamdulillahi. Amma shi ne kan gaba in za a je wurin shugabannin kasuwa a yi ƙorafin haraji. Ban taɓa jin wani ya ce masa imaninsa ya ragu ba. Mu ne kawai muke ɗaure kanmu da wannan tunanin, kamar in ka buɗe baki ka saɓa wa Allah.

Nas_Ladi
Ina so in ja hankali kan wani abu daga inda nake aiki. Muna ganin mata da yawa, da maza ma, da jininsu ya hau sosai, ba sa barci, ba sa cin abinci. Ka tambaya me ke damunki, sai ta ce "ba komai, sai godiya." Sai ka zauna da ita ka lallaba, sannan ta fashe da kuka: bashi, haya, miji ba aiki, yaro an koro shi daga makaranta. Ta kasa faɗa a Zumunta don kada a ce ba ta da bangaskiya, ko labarin ya zaga unguwa kafin yamma. Romawa 12:15 ta ce a yi kuka da masu kuka. In a ekklesiya lokacin shaida kawai muke da shi, na wanda ya sami mota da wanda ya sami aiki, ina mai kuka zai tsaya? Kuma don Allah wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kada ya ajiye shi da sunan bangaskiya. Ku sha magani, ku yi addu'a.

Malama_Saratu
Anti Ladi, kamar da ni kike. Barcin nan ya daɗe da ƙaurace mini.

Nas_Ladi
Je ki a auna ki cikin makon nan, ƙanwata, kada ki ce sai an biya albashi. Awon ba tsada.

Manomin_Citta
Wani abin kuma da ke ɗaure mini kai. A 2024 da hatsi ya yi tsada, mutanen birni suna kuka, mai masara a rumbu yana godiya. Gwamnati ta ɗage harajin shigo da abinci, a 2025 farashi ya sauko, na birni suka fara ba da shaida a majami'a cewa Allah ya amsa addu'a. Mu kuwa da muka sayi taki da tsada, sai ka sayar da buhunan masara kafin ka mayar da kuɗin takin. A benci ɗaya, wannan yana rawa, wannan yana lissafin bashi. Shi ya sa ni na daina jingina godiyata da farashin kasuwa, don kullum ribar wani asarar wani ce.

Dattijo_Kaltungo
Manomi ya faɗi abin da nake ta ƙoƙarin faɗa tun farko. In godiyarka tana hawa da sauka tare da farashin mudu, to mudu kake yi wa sujada. Na karanta duk abin da kuka rubuta. Ban musa wa Fasto ba, mai makarantar nan bai kyauta ba, kuma da a ekklesiyata yake da na kira shi gefe. Amma ina nan a kan bakata. Yaran yanzu kuna buɗe waya ku ga gidan wani da motar wani, ku kwana da baƙin ciki a kan abin da jiya ba ku san da shi ba. Wannan ba mai makaranta ne ya jawo shi ba. Ni da iyalina kowane dare kafin addu'a kowa sai ya ambaci abu ɗaya da ya gode dominsa, har jikoki. Wata rana abin da ƙaramar ta samu ta faɗa shi ne an kawo wuta. Mun karɓa.

Dan_Tudun_Wada
Baba, na yarda da maganar waya. Amma ku ma ku yarda cewa haƙurin da zamaninku ya yi ta yi yana cikin abin da ya sa masu mulki suka raina mu. Nehemiya 5 fa? Mutane suka yi kuka sun jinginar da gonaki saboda yunwa, Nehemiya bai ce su yi wadar zuci ba. Ya tara manya ya tsawata musu, ya sa suka mayar da gonakin, shi kansa ya ƙi cin abincin gwamna. Wane shugaba ne yau, na siyasa ko na ekklesiya, ya rage nasa?

Dattijo_Kaltungo
Akwai su, ɗana, ba sa hawa Facebook ne kawai.

Malama_Saratu
Na gode muku duka. Amma ku ba ni shawara a aikace. Mu koma wurinsa ne, ko in haƙura in nemi wani wuri?

Lauya_Bitrus
Malama, ga ɓangaren doka a taƙaice. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 tun Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Don haka ki fara ƙirga ku nawa ne, har masu gadi da masu shara. In kun kai, kuna da ƙafar tsayawa. In ba ku kai ba, sai lallami da haɗin kai. Ko ta yaya, ku rubuta buƙatarku a takarda, kowa ya sa hannu, kada a bar mutum ɗaya a gaba.

Fasto_Yohanna_Jos
Tun da mai bi ne, ku bi Matiyu 18. Kun riga kun same shi ku kaɗai. Mataki na gaba ku tafi da mutum ɗaya ko biyu da yake jin nauyinsu, ko fastonsa.

Hannatu_Narayi
Fastonsa? Mutumin da wataƙila shi ya saya wa majami'ar janareta? Baba Fasto, ka san yadda abin yake ƙarewa. Ni dai ki fara neman lesin na yamma a gidajen mutane, ki sa ido kan wata makarantar a hankali. Kada ki saki wannan sai kin kama wata.

Fasto_Yohanna_Jos
Malama Hannatu, ba duka muka lalace ba. A gwada tukuna.

BabanJoy
Ambulan ɗin fa, ba wanda ya ce mata komai a kai.

Ma'aji_LCC
Ta sa abin da take iyawa ta liƙe, kada ta rubuta suna. Mu masu ƙirgawa ba ma bin kowa gida.

Hannatu_Narayi
A ekklesiyarku ke nan. A tamu akwai lamba a jikin kowane ambulan, kuma sakatare yana da littafi.